Jagorar Tara Ƙananan Samfuran Tsofaffin Motoci Ga Mazaunin Jos

Tara ƙananan samfuran motoci sha'awa ce da ta daɗe da kafuwa a duniya, amma a garuruwanmu har yanzu mutane da yawa suna yi mata kallon wasan yara, saboda ba su rarrabe motar wasa da samfurin mota ba. Motar wasa ana yin ta ne domin yaro ya tura a tsakar gida, kuma babu wanda ya damu ko ta yi kama da wata mota ta gaske. Samfuri kuwa ana ƙera shi bisa awon ainihin motar, a rage tsawonta da faɗinta da tsayinta da lissafi guda, sannan a bi siffar fitilu da bamba da sitiyari da kujeru, har da launin fentin shekarar da motar ta fito. Duk wanda ya taɓa zama da ƙuruciya yana ƙera motar kara ko ta gwangwanin madara, yana fafutukar ganin gabanta ya fito kamar na Fijo, ya riga ya san tushen wannan sha'awa. Abin da ya rage masa shi ne tsari, domin wanda ya shiga harkar ba tare da tsari ba zai kashe kuɗi masu yawa ya ƙare da tarkacen da ba su da alaƙa da juna.

Mataki na farko: ka yanke shawarar abin da za ka tara

Wannan matakin ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Kamfanonin duniya sun ƙera samfuran dubban motoci, babu aljihun da zai iya bin su duka, don haka dole ne mutum ya shata wa kansa iyaka tun kafin ya sayi ta farko. Wasu suna bin kamfani ɗaya, misali Marsandi kaɗai. Wasu suna bin zamani, kamar motocin shekarun 1960. Wasu kuma suna bin shahararrun motocin duniya irin su Mercedes 300 SL ta 1954 mai ƙofofin da ke buɗewa sama, da Citroën DS ta 1955, da Jaguar E-Type ta 1961, da Ford Mustang ta 1964.

Shawarata ga ɗan Najeriya ita ce ya fara da motocin da suka yi zirga-zirga a titunanmu, domin su ne ya san tarihinsu, su ne kuma zai iya gane kuskure a jikinsu da ido. Fijo 404 ta fito a 1960, kuma nau'inta na a-kori-kura ya yi dakon kayan gona da na kasuwa shekaru da dama a Arewa. Fijo 504 ta fito a 1968, ta lashe kambun motar shekara ta Turai a 1969, sannan kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, ya fara harhaɗa motocin Fijo a Kaduna a 1975, aka ci gaba da fitar da 504 daga can har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa. Ita ce motar gwamnati, ita ce motar haya tsakanin Jos da Bauchi da Kaduna da Kano, kuma ita ce ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975. Bayanta akwai 505 ta 1979. A ɓangaren Jamus akwai Bosuwaja mai ƙirar kunkuru da aka riƙa harhaɗawa a Legas daga 1975, da Marsandi 230.6 irin wadda Janar Murtala Muhammed yake ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976, wadda ke ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas, da kuma Marsandi ƙirar W123 da ta biyo baya. Ga mazaunin Jos musamman, Landiroba, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, ta cancanci gurbi, domin irinta ce ta dace da hanyoyin duwatsu da na filayen haƙar kuza a zamanin da wannan sana'a ke tashe a Filato.

Akwai wani abin lura da masu tara motocin Najeriya ya kamata su riƙe. Har zuwa ranar 2 ga Afrilu 1972 a hannun hagu ake tuƙi a ƙasar nan, kamar yadda ake yi a Ingila, saboda haka motocin da suka shigo kafin lokacin yawancinsu sitiyarinsu a dama yake. Idan kana son samfurin Landiroba ko Morris Minor na zamanin En'e, mai sitiyari a dama ya fi dacewa da tarihi. Idan kuwa 504 ta Kaduna kake nema, mai sitiyari a hagu za ka saya, kuma ka dubi fitilun gaba, domin 504 da aka yi wa kasuwar Amurka fitilu huɗu zagayayyu gare ta, ba irin manyan fitilun nan biyu masu kusurwa da muka sani ba.

Idan ka zaɓi jigo, ka rubuta jerin motoci goma ko goma sha biyu da kake so, ka tsaya a kansu. Duk wata mota da ta burge ka a hanya amma ba ta cikin jerin, ka bar ta zuwa gaba.

Mataki na biyu: ka fahimci ma'auni, ka tsaya kan guda

A jikin kwali ko a ƙarƙashin samfuri za ka ga an rubuta lamba kamar 1:18 ko 1:43. Ma'anarta ita ce an raba tsawon ainihin motar gida 18 ko gida 43. Fijo 504 tana da tsawon kusan mita 4.5, don haka a ma'aunin 1:18 samfurinta zai kai kimanin santimita 25, a 1:24 kusan santimita 19, a 1:43 santimita 10 da ɗoriya, a 1:64 kuwa santimita 7. Yawan lambar na nufin ƙanƙantar samfurin.

Ma'aunin 1:18 shi ne mafi ɗaukar ido, sau da yawa ƙofofi da bonet da but suna buɗewa, ana ganin inji, sitiyari yana juya tayoyin gaba. Matsalarsa ita ce tsada da cin wuri da nauyi, kuma nauyin nan kuɗi ne idan za a aiko maka daga waje. Ma'aunin 1:64 shi ne na Hot Wheels da Matchbox da makamantansu, yana da araha kuma ana samunsa a kantunan gida, sai dai yawancinsu ba su bin ma'aunin daidai, ana daidaita girmansu ne da kwalin da za su shiga, shi ya sa za ka ga babbar mota da ƙaramar mota tsawonsu ɗaya. Ni dai 1:43 nake ba wa mai farawa shawara. A wannan ma'aunin ne aka fi ƙera motocin Turai na yau da kullum irin waɗanda suka zo mana, kanta ɗaya za ta ɗauki motoci masu yawa, kuma ƙaramin ƙunshi ya isa ya kawo biyu ko uku. Ko wane ka zaɓa, kada ka cakuɗa ma'aunai a kanta guda, domin Bosuwaja ta 1:18 kusa da Marsandi ta 1:43 tana rushe duk ma'anar kwatance.

Mataki na uku: ka san kayan ƙira da masu ƙerawa

Yawancin samfura ana zuba su ne da narkakken ƙarfe da ake kira zamak, wanda haɗi ne na tutiya da alminiyam da ɗan jan ƙarfe da maganiziyam. Suna da nauyi a hannu da sanyi idan an taɓa. Nau'i na biyu shi ne rezin, wata irin roba mai tauri da ke fitar da ƙananan siffofi da kyau ƙwarai, amma ƙofofinsa ba su buɗewa, kuma idan ya faɗi yana fashewa. Na uku shi ne wanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa a kwali, mutum ya harhaɗa ya yi fenti da kansa, kamar na kamfanin Tamiya na Japan. Wannan fanni ne mai zaman kansa da ke bukatar kayan aiki da haƙuri.

A cikin tsofaffin sunaye, Dinky Toys ya fara a 1934 a ƙarƙashin kamfanin Meccano na Liverpool, kuma masana'antarsa ta can ta rufe a 1979. Matchbox ya fito a 1953, Corgi a 1956 da tallar cewa motocinsa suna da gilashin taga, Hot Wheels a 1968, Tomica na Japan a 1970. A Faransa akwai Solido tun shekarun 1930 da Norev tun 1946, kuma waɗannan biyu ne ya kamata mai neman Fijo ya fara bincika. Maisto da Bburago da Welly suna yin masu sauƙin kuɗi waɗanda suka dace da koyo. Minichamps da Schuco da IXO suna tsakiya zuwa sama, AUTOart da Kyosho da Spark kuma suna cikin masu tsada. Wani abin da zai faranta wa ɗan Najeriya rai shi ne, a cikin wani jerin samfuran motocin tasi na biranen duniya da aka fitar a Turai a ma'aunin 1:43, akwai Fijo 504 mai launin rawaya ta tasin Legas, kuma har yanzu tana fitowa a kasuwannin intanet na kayan hannu.

Mataki na huɗu: inda za ka nema

A cikin Jos, manyan kantuna da shagunan kayan yara na yankin Terminus da titin Ahmadu Bello sukan kawo ƙananan samfura sababbi, amma ba kasafai ake dacewa da tsofaffin ƙira ba. Inda ake tsintar abin mamaki shi ne wajen masu gwanjon kayan wasan yara, a Katako da sauran wuraren da ake buɗe dila, domin cikin tarin kayan da ake kwasowa daga Turai akan sami tsohuwar Matchbox ko Majorette ko Corgi a farashin motar wasa. Ka ƙulla mutunci da mai shago ɗaya ko biyu, ka nuna masa hoton irin abin da kake nema a waya, ka roƙe shi ya ware maka duk wata ƙaramar mota ta ƙarfe kafin ya baje. Ka kuma riƙa biyansa da daraja, domin wanda aka matse a ciniki ba zai sake kira ba.

Hanya ta biyu ita ce intanet: Jiji da zaurukan saye da sayarwa na Facebook ga abin da ke cikin gida, eBay ga tsofaffi da waɗanda aka daina ƙerawa, AliExpress ga sababbin da ake yi a Sin. Kafin ka ce samfuri yana da araha, ka haɗa farashinsa da kuɗin aikowa da canjin kuɗi na ranar da abin da kwastan ko gidan waya za su iya nema, domin wani lokaci kuɗin hanya ya fi kuɗin kayan. Ya fi sauƙi a haɗa oda da abokai a ƙunshi ɗaya, ko a roƙi ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya ya riƙo. Idan daga Legas ko Abuja za a sako maka a mota, ka nemi a naɗe kwalin samfurin a cikin wani kwalin dabam, a cike gefe da takarda yadda ba zai motsa ba.

Mataki na biyar: dubawa kafin biya

Ka fara da juya samfurin ka karanta ƙasansa. A nan ake rubuta sunan kamfani da sunan motar da ma'auni da ƙasar da aka yi shi. Wannan yana da amfani musamman ga Dinky, domin an sake fitar da kwafin tsofaffin ƙirarsa a shekarun baya-bayan nan, da kwali mai kama da na asali. Kwafin ba laifi ba ne, yana da kyau a kanta, amma an yi shi ne a Sin kuma an rubuta haka a ƙasansa, don haka bai kamata a saye shi a farashin wanda aka yi a Ingila ko Faransa ba.

Daga nan ka dubi ƙarfen a wuri mai haske. Akwai wata cuta da ke kama zamak idan an sami gurɓacewar dalma a cikin haɗin tun daga masana'anta: ƙarfen yakan fara tsagewa sirara-sirara, ya kumbura, ƙofofi su daina rufuwa daidai, daga ƙarshe ya marmashe. Ba ta da magani, kuma danshi yana hanzarta ta. Ta fi yawa a samfuran kafin shekarun 1950, amma tana bayyana jefi-jefi a wasu na zamani. Duk samfurin da ka ga fentinsa ya yi tsaga kamar busasshiyar laka, ko bodinsa ya karkace ba tare da alamar faɗuwa ba, ka bar shi komai arahar sa. Ƙananan ƙuraje a ƙarƙashin fenti matsala ce dabam, ba su rusa ƙarfe, amma suna rage daraja.

Sai tayoyi. Wasu tayoyin roba suna fitar da wani sinadari mai maiƙo da ke narkar da wilin roba ko dandamalin da motar ke zaune a kai, don haka ka taɓa su ka ji ko suna danƙo. Ka ajiye samfurin a kan tebur ka ga ko duk tayoyin huɗu sun taɓa ƙasa. Ka ƙirga ƙananan sassa: madubin gefe, da abin share gilashi, da eriya, da tambarin gaba, da fitilu, domin su ne ke fara ɓacewa kuma samun madadinsu a nan yana da wuya. A tsofaffin samfura ka duba ƙusoshin da suka haɗa bodi da ƙasa. Idan an huda su ko an sa noti a gurbinsu, an taɓa buɗe motar, kuma mai yiwuwa an sake mata fenti. A wajen masu tarawa, fentin asali mai ɗan ƙwarzane ya fi sabon fenti daraja.

Idan a intanet ne, kada ka yarda da hoton talla na kamfani. Ka nemi hoton ainihin kayan ta gaba da baya da gefe biyu da sama da ƙasa, da na kwalin, da ɗan gajeren bidiyo. Kwali kansa wani ɓangare ne na darajar samfuri, a tsofaffin Dinky da Corgi yakan ƙara farashi sosai, saboda haka ko ka fitar da motar ka jera, ka adana kwalinta a busasshen wuri.

Mataki na shida: ajiya a yanayin Jos

Yanayin Jos yana da sauƙin zafi idan aka kwatanta da Kano ko Abuja, kuma wannan alheri ne ga roba da fenti, amma yana da nasa ƙalubalen guda uku. Na farko shi ne ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, wadda ke da laushi har tana shiga ta ƙaramar kafa, ta kwanta a kujeru da injin samfuri inda hannu ba ya kaiwa. Na biyu shi ne danshin damina, musamman a Yuli da Agusta, wanda ke sa kwali ya yi laushi da fumfuna, sandunan tayoyi su yi tsatsa, takardun tambari su ɗago. Na uku shi ne hasken rana, wanda ke da kaifi a gari mai tudun kusan mita 1,200. Yana kashe jan fenti, yana mai da farin fenti da gilashin roba ruwan ɗorawa.

Maganin ukun duka shi ne shogilas mai rufuwa da kyau. Kafinta zai iya haɗa maka, amma ka gaya masa ya sa siririyar roba ko soso a bakin ƙofofi, ya yi amfani da busasshen katako, kuma ka bar fentin ko banishin ya sha iska makonni kafin ka jera komai, domin tururinsa yana iya taɓa fentin samfura. Ka kafa shi a bangon da rana ba ta faɗawa, nesa da taga da kicin da wurin da ake kunna gawayi ko hita a lokacin sanyi, ka kuma bar ɗan rata tsakaninsa da bangon da ke jiƙa da damina. Ka zuba 'yan ƙunshin nan masu ƙwayoyin shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi ko na magani a kowace kanta, ka riƙa sauya su idan damina ta kama. Idan za ka sa fitila a ciki, ka sa ta LED wadda ba ta zafi. Ga manyan samfura masu nauyi, ka sa ɗan guntun katako ko roba a ƙarƙashin bodi ya ɗauke nauyin, domin tayar da ta shekara a wuri ɗaya takan baje ta gefe guda.

Batun yara ma na cikin ajiya. Ka sa wa shogilas makulli, sannan ka saya musu nasu motocin masu araha da za su tura yadda suke so. Ƙananan sassan samfuri suna da haɗari ga jariri idan ya kai baki, kuma tsofaffin samfura na da can ba a yi fentinsu bisa ƙa'idojin lafiya na yau ba.

Mataki na bakwai: tsaftacewa da ƙaramin gyara

Ka ɗauki samfuri ta ƙasansa da hannu busasshe, ba ta rufi ko ƙofa ba. Ka kaɗe ƙura da burushi mai laushi irin na kwalliyar mata ko na masu zane, sannan ka goge da ƙyallen goge tabarau. Idan datti ya kama, auduga da ɗan ruwa mai ɗigon sabulu sun isa, a busar nan take. Kada fetur ko kananzir ko tina ko abin goge farce su kusanci samfuri, domin suna cin fenti, suna kuma dusashe gilashin roba har abada. Idan madubi ya ɓalle, ka manna shi da ɗigon farin gam na katako a bakin tsinke; gam mai kamawa nan take yana fitar da tururin da ke barin farin tabo a gilashi da fenti.

Mataki na takwas: rajista da kasafi

Ka buɗe littafi ko shafi a kwamfuta, ka rubuta wa kowane samfuri sunan motar da shekararta, da kamfanin da ya ƙera samfurin, da ma'auni, da lambar da ke jikin kwali, da ranar saye, da farashi, da duk wani aibu da ka gani, tare da hoto. Wannan zai hana ka sayen abu ɗaya sau biyu, zai kuma nuna maka ko wata tsaga sabuwa ce ko da ita ka saya. Yana da kyau ka ƙara layi biyu game da ainihin motar a Najeriya, kamar aikin da ta yi da sunan da mutane ke kiran ta, kuma a nan tsofaffin direbobin tasha da kanikawan Farin Gada da Dilimi za su ba ka bayanin da babu shi a jikin kwali.

Game da kuɗi, ka ware abin da ba zai taɓa cefanen gida ko kuɗin makaranta ba, ka tsaya a kai kowane wata, idan samfurin da kake so ya fi ƙarfin kason wata ɗaya ka tara na wata biyu ko uku. Kada ka saya da niyyar cin riba, domin yawancin sababbin samfura ana yin su da yawa, kuma masu saye a gida ba su da yawa tukuna. Waɗanda ka samu biyu-biyu, ko waɗanda suka fita daga jigonka, ka ajiye su da kwalayensu domin musaya da wasu masu tarawa a Abuja da Kaduna da Legas, waɗanda galibi ta zaurukan Facebook da WhatsApp ake haɗuwa da su.